Fiyano Biyu a Ɗakin Radim

Talata, 2 ga Oktoba, 1923

Yau aka kawo fiyano na biyu. Ƙarti huɗu suka hau bene da shi suna ashar, suka kankare bango, matar mai gida tana ƙasa tana ihu wai sai mun yi fenti. Tsoho ne, wani gidan giya ya gaji da shi, har yanzu warin taba yake yi. Radim ya fito da katifarsa falo don a samu wurin ajiye shi. Ƙanena ke nan, ɗan shekara talatin da ɗaya, zai riƙa kwana a ƙasa don fiyano ya kwana a ɗaki.

Na ce, ɗayan bai ishe ka ba? Ya ce, "Yaya, ɗaya rabin magana yake faɗa."

Na yi shiru. Tun rasuwar Mama, yana ɗan shekara tara, nake irin wannan shirun.

Alhamis, 4 ga Oktoba

Mai saita fiyano ya zo. Radim ya ce ya sauke muryar sabon ƙasa da ta tsohon, amma kada ya kai madanni guda, rabinsa kawai. Dattijon ya cire tabarau, ya dube shi, ya dube ni. "Na tsufa ina gyaran fiyano, yau an kira ni in ɓata." Ya dai yi, ya roƙe mu kada mu faɗa wa kowa shi ne.

Da ya tafi Radim ya zauna tsakaninsu, hannun dama a ɗaya, na hagu a ɗaya. Wayyo. Haƙorana suka mutu kamar na ciji lemon tsami. Shi kuwa ido a rufe yana murmushi, irin wanda ban ƙara gani a fuskarsa ba tun da ya dawo daga yaƙi.

Ya yi mini bayani ina feraye dankali. Wai madannan fiyano kamar matakalar bene suke, tsakanin kowane mataki da na gaba akwai wuri, kowa tsallake shi yake yi. Shi a can yake son ya tsaya. Na ce mai tsayawa tsakanin mataki da mataki faɗuwa yake yi. Ya yi dariya, ya saci ɗanyen dankali ya ci.

Litinin, 15 ga Oktoba

Ya gama waƙoƙi biyar, na muryar mace da fiyano biyu. Ya zaga da su wurin duk mawaƙan garinmu Brno. Ɗaya ta ce maƙogwaronta na ciwo, ɗaya ta ce mijinta ya hana, ɗaya ta tambaye shi ko ya ga likita tun bayan yaƙi.

Na san inda maganar za ta ƙare. Tun da safe yake wanke kwanuka ba a sa shi ba.

Laraba, 17 ga Oktoba

Ya roƙa in rera su. Na ce ni 'yar amshi ce a gidan wasa, layi na biyu, da shi muke cin abinci. Abin da yake samu a sinima, yana raka hotunan da ba sa magana da kiɗan rawa, ko kwal ɗin hunturu ba ya saya.

Sai ya kawo Mama. Wai in tuna yadda take rera waƙa a bakin rafi tana wanki, can ƙauye, muryarta tana lanƙwasa tana tsayawa inda babu madanni. Na ce Mama ba ta yi makaranta ba ne. Ya ce, "Ba a koya mata tsallakewa ba dai."

Ya riƙe mini hannun riga kamar lokacin da yake yaro. Na ce to. Allah ya sani na ce to ne don ya sake ni.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

Ba na iyawa. Maƙogwarona ya san hanyarsa kamar dokin mai kai madara, ko an ja linzami sai ya nufi ƙofar da ya saba. Radim ya danna sautin, in kama, in riƙe, kafin in ankara na zame na koma inda aka koya mini. Mu sake. Mu sake. Yau na jefe shi da cokali.

Maƙwabcin da ke ƙasanmu yana dukan silin da tsintsiya. Radim ya ce ko dukan nasa bai iya kiyaye lokaci ba.

Talata, 20 ga Nuwamba

Yau na kama sautin na riƙe, har numfashina ya ƙare. Radim ya tashi ya sumbaci goshina. Ni na goge wurin da hannu.

Asabar, 8 ga Disamba

Abin da nake tsoro ya faru, a kan dandamali, gida cike. Akwai wurin da mu mata muke riƙe sauti ɗaya mai tsawo yayin da jarumar take mutuwa. Na rera wurin nan ya fi a ƙirga. Yau muryata ta sauka ta tsaya a ɗaya daga cikin wuraren Radim. Ba wannan ne ya firgita ni ba. Kunnena ne ya ce mini daidai nake, sauran matan ne suka kauce.

Milada, wadda ke tsayawa gefena tun muna 'yan mata, ta zungure ni da gwiwar hannu. Bayan labule ta ce, "Ke Hedva, me kika sha? Ki ba ni in ɗanɗana." Na yi dariya.

Litinin, 10 ga Disamba

Pan Dostal, shugabanmu na 'yan amshi, ya tsayar da ni bayan gwaji. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Hedvika, na ji abin da ake yi a gidanku. Duk unguwa ta ji, har karnuka." Na ce, ranka ya daɗe, sau ɗaya ne. Ya ce, "'Yar amshi ba ta da murya tata, muryar mutum arba'in take riƙe da ita. Ki zaɓa, ba zan zaɓa miki ba."

Na faɗa wa Radim. Ya ce, "Kin gani? Kunnenki ya fara buɗewa." Yana murna! Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Da hannuna na yi wa yaron nan wanka, na cire masa kwarkwata.

Talata, 25 ga Disamba

Kifin Kirsimeti ya kwana biyu yana iyo a bahon wanka, Radim har ya raɗa masa suna, da lokaci ya yi ya kasa kashe shi. Mutumin da ya yi shekaru a bakin daga. Ni na kashe, ni na soya, shi ya fi ci.

Bayan abinci ya kaɗa waƙar da Mama ke lallashinmu da ita, a fiyano biyun. Na buɗe baki zan ce ya bari yau ɗaya, sai na ji ta. Mama, da ɗan karkacewar nan tata. Na tashi na hau kwashe kwanuka don kada ya ga hawayena. Gajiya ce, da giyar da na kurɓa.

Ya samu zauren da za mu gabatar da waƙoƙin, na ƙungiyar masu karatu, tara ga Fabrairu. Ya ce bayan ranar ba zai ƙara roƙona komai ba.

Alhamis, 17 ga Janairu, 1924

A wurin aiki yanzu baki kawai nake motsawa a wurare masu tsawo. Milada ta sani, tana ƙara murya ta rufe ni. Pan Dostal ma ya sani.

Ina jin tsoron kowane sauti. Kafin in fitar sai na tambayi kaina, na wane gida ne wannan?

Lahadi, 10 ga Fabrairu

An yi.

Mutane ba su cika rabin zaure ba. Abokan Radim na sinima, wasu ɗalibai, tsofaffin da ke zuwa duk inda aka hura murhu, da Pan Dostal can baya bai cire babbar rigarsa ba. Na sa shuɗiyar rigata.

Radim ya daɗe yana shirin a yi masa ihu. Har so yake, ya ce a manyan birane sai an jefi mutum da kujera ake sanin ya yi aiki. Ba wanda ya jefa komai. A waƙa ta farko suka dubi juna. A ta biyu wata mata ta sa hankici a baki, kafaɗunta na rawa, dariyar ta bi layi a hankali. A ta uku suka daina dariya, suka sunkuyar da kai, kunyata suke ji.

Kuma na rera daidai. Wannan zan rubuta ko ba wanda zai karanta. Ko sauti ɗaya ban kuskure ba, ban taɓa waƙa da kyau haka ba a rayuwata.

Da aka tashi wani tsoho ya zo ya riƙe hannuna biyu. "Sannu 'yata, mura ce, kowa na gamuwa da ranarsa. Ki sha madara da zuma." Ya juya wurin Radim ya ce, "Kai kuma ɗan samari, wannan fiyanon naka yana son gyara."

Ba su ma gane da gangan ne ba.

Talata, 12 ga Fabrairu

Jarida ta ba mu layi kaɗan a ƙasan shafi. Wai ba za a iya yanke hukunci a kan waƙoƙin matashin ba, tunda mawaƙiyar, wadda shekaru suka fara cim mata, ta kasa tsayawa a kan sauti ko sau ɗaya.

Radim ya yaga ta yana zagaye falo. "Jakai! Sun ce kuskure ne! Aikina na shekara shida!" Na jira ya ce wani abu a kaina. Na daɗe ina jira.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Pan Dostal ya ce in je in huta. Na ce har yaushe? Ya ce har kunnena ya dawo gida. Ya ba wata yarinya wurina, na gan ta tana gwada hulata.

Milada ta raka ni har titi tana kuka tana zagin Radim, ta haɗa da kakanninsa. Na tuna mata kakannina ne. Muka yi dariya a cikin ƙanƙara kamar mahaukata.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Wani Bajamushe ya zo, Dokta Lindner, ashe yana zauren ranar. Yana shirya taron sabon kiɗa a Berlin. Shi ya gane da gangan ne. Ya daɗe a ɗakin fiyano, ya sha kofi, ya ce mini na yi jarumta. Irin abin da ake faɗa wa wanda aka cire wa haƙori.

Litinin, 3 ga Maris

Sun gayyaci Radim, waƙoƙin biyar duka, watan gobe. Ya shigo da labarin bai ko kakkaɓe takalmi ba. Na ji zuciyata ta yi tsalle, wawuya, har na fara tunanin shuɗiyar rigar tana son sabon wuya.

Sai na ga ba ya kallona.

"Suna da mawaƙiyarsu, Yaya."

Na ce, ka ce musu me?

"Yarinya ce, Ilse, an san ta a can, jaridu na sonta. Kuma kin ga abin da aka rubuta, Lindner ya ce idan aka ga sunanki..."

Na ce, Radim, ka ce musu me?

"Na ce to."

Na ci gaba da yanka kabeji. Na yanka wanda zai ishi mutum goma.

Juma'a, 14 ga Maris

Milada ta samo mini aiki a gidan wanki na ƙanwar mijinta, gugar wuyan riguna. Tururi, tsayuwa, matan suna ta waƙe-waƙe. Sun ce ke da kike mawaƙiya ja mana baki. Na ce maƙogwaro.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ya tafi. Na goge masa baƙar rigar, na sa masa burodi da tsiran alade a aljihu, ban raka shi tasha ba. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai yi magana, ya ce in riƙa rufe tagar ɗakin kada sanyi ya taɓa fiyano.

Laraba, 9 ga Afrilu

Gidan shiru. Maƙwabcin ƙasa ya gaishe ni yau.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na je coci. Da aka tashi waƙa na riƙe littafi ban buɗe baki ba. Shekarata arba'in da ɗaya, ban yi aure ba, ban haihu ba, abu ɗaya na iya a duniya, na ba shi ya yi gwaji da shi. Na durƙusa na roƙi Allah ya cire masa wannan kiɗan daga kai, ya mai da shi mutum kamar kowa. Da gaske na roƙa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ya dawo da jirgin rana. Ya zauna a kicin da hularsa a kai. Na zuba masa miya, ban tambaya ba, shi ya fara.

An tafa. Zaure cike, an kira shi ya fito sau uku, jaridu sun ce sabuwar murya daga gabas. Na ce to barka.

Ya ce, "Ba ta rera ba, Yaya." A wurin gwaji ta yi ƙoƙari kwana biyu, ta yi kuka, ta ce zai kashe mata murya. Ranar taro kuwa duk sautin da ya ajiye a tsakani sai ta ja shi zuwa madanni mafi kusa, ta gyara masa waƙa tas, ta fito da daɗi kamar ta bikin aure. Fiyano na biyu ya koma kamar ɗan hazo a bayanta. Ba wanda ya lura. Har Lindner ya rungume shi yana cewa ga shi an ji abin yadda yake.

Na ce, kai me ka yi?

"Na fito na rusuna. Sau uku."

Ya juya cokali a miya. Ya ce, "Sau ɗaya tak aka taɓa rera waƙoƙina a duniya, ranar kuma aka ce mura ce."

Wata biyu ina jiran magana irin wannan. Ta zo, ban ji komai ba. Na ce ya sha miyar kafin ta huce.

Talata, 29 ga Afrilu

Bai shiga ɗakin ba tun da ya dawo. Lindner ya aiko yana neman sabon aiki, bai amsa ba. Ya karɓi ƙarin aiki a sinima, yana aske gemu kullum, yana cin abinci a kan lokaci, ya gyara mariƙin ƙofar da ya shekara a karye. Matar mai gida ta tare ni a matakala, "Ɗan'uwanki ya yi hankali, Allah ya amsa."

Ya amsa.

Jiya na bi ta ƙofar sinima na ji shi yana kaɗa wa hoton wani mai guje wa ɗan sanda. Kowane sauti a wurinsa. Na tsaya kaɗan na wuce.

Lahadi, 11 ga Mayu

Milada ta matsa, kullum da yamma ina zuwa gidanta muna hawa da sauka a fiyanonta kamar 'yan koyo. Ta ce yarinyar da aka ba wurina tana da ciki. Ta ce muryata ta dawo, ta rantse da kabarin uwarta.

Radim ya rame. Yana zama a bakin taga hannuwa a cinya. Na tambaye shi me yake ji a kansa yanzu, don da can kullum akwai abin da yake ji. Ya ce, "Ba komai. Akwai hutu, Yaya, ba ki sani ba."

Juma'a, 23 ga Mayu

Pan Dostal ya gwada ni. Ya kai ni sama ya kawo ni ƙasa, ya sa na riƙe sautin nan mai tsawo har sau biyu. Ya rufe fiyano ya ce, "Barka da dawowa. Litinin, layi na biyu. Wancan shirmen kuma an gama?" Na ce an gama, ranka ya daɗe.

Milada ta saya mini kek. Na ci. A hanya na rasa me ya sa nake tafiya a hankali. Duk abin da ya sa ni na rera daidai ne, sai dai na ji wurin ya yi mini ƙunci, kamar takalmin bara. Zai buɗe. Kwana biyu ne.

Asabar, 24 ga Mayu

Na faɗa wa Radim, ya ce madalla, ya yi murna da gaske, ina jin.

Da rana ina soya albasa, ban san ina rera wani abu ba sai da na gan shi tsaye a ƙofar kicin da rigar aiki.

"Wannan daga ina?"

Na ce naka ne mana, ta huɗu ko ta biyar, na sani?

"Ba nawa ba ne. Ban taɓa rubuta wannan ba."

Na ce to ban sani ba, fita ka ba ni wuri, albasa za ta ƙone. Ya ce in sake. Na ce ba ni da lokacin shirme, Litinin zan koma aiki, na yi alkawari. Bai motsa ba. Na sake, don ya tafi ne kawai. Bai ɗauko fensir ba, ya saurara hannuwa a aljihu, ya sa hula ya tafi sinima. Ya makara.

Albasar ta ƙone. Na yanka wata.

Litinin zan je, dole, sai an ci abinci. Abin da na rera dai bai ƙare a inda na tsaya ba, akwai saura, yana hawa kaɗan kafin ya sauko. Ban faɗa masa ba.